Banatin Dada

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Dada, kakata ta wajen uwa, ta riga mu gidan gaskiya a kakar bana, ana tsakiyar yankan gero, tutocin murnar 'yancin kai ba su ma gama koɗewa a bakin kasuwa ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

A zaman makoki na lura da wani abu. Duk matar da ta shigo, in ta gama "ya haƙuri" ta shafa fatiha, sai ta gyara zama, ta rage murya, ta ce, "To, Banati fa? Hannun wa za ta koma?" Wata dattijuwa daga unguwar Jahun ta ce duk 'ya'yanta a ƙarƙashin Banati suka yi baccinsu na fari. Wata ta tako a ƙafa tun daga Tirwun, ta ce da ita ta yi takaba, kuma in ba don nauyinta a hannu ba da iska ta kwashe ta. Har Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta tambaya ko za a bari ta taɓa ta. Maza kuwa a zaure suna jin sunan yana ta fitowa daga cikin gida, wani baƙo daga Gombe har ya tambayi maigidana ko wata 'yar marigayiyar ce da ba ta iso ba tukuna.

Na ga in ban rubuta ba, nan gaba za a tuna ƙarfen a manta mai shi. Bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da shi.

Banati wuƙa ce. Tsawonta ya kusa kamu ɗaya, gefe guda kaifi, bayanta kuma haƙora a jere kamar zarto. Kubenta na ƙarfe ne, ya lotsa a wuri biyu. A jikin ƙotar akwai wani dogon tsagi, da ɗan maɓalli wanda in ka danna zai shige, in ka saki ya dawo. Dada tana naɗe ta cikin tsohon saƙi, ta ajiye a bayan tukwanen jere. In an haihu a unguwa, a aiko a karɓa, a sa ta wajen kan jariri don mayu da iska. In mace ta shiga takaba, a aiko a karɓa, ta riƙe a hannu har ta fita. Akwai malaman da ba sa son wannan al'ada, amma ban taɓa jin wanda ya zo ya faɗa wa Dada a gabanta ba. Daga ɗakin mai jego zuwa ɗakin mai takaba ta yi ta yawo shekara da shekaru, wato ɗakunan da namiji ba ya leƙawa, shi ya sa maza ba su san kamanninta ba.

Dada mace ce mai tambaya. Masa take toyawa a ƙofar gida tun ina goye, kuma babu wanda zai tsugunna gaban tandarta ya tashi ba ta tatse shi ba. In fatake ne, me mutanen can ke sa wa a miya? In ɗan makaranta ne, da gaske ne ƙasa na juyawa, to me ya hana ƙullinta zubewa? In ka ba ta amsa, sai ta juya masa ɗaya ta ce, "To, daga nan fa?" Wannan ita ce kalmarta. Mun sha jin kunya a gidan biki saboda ita. In Inna, mahaifiyata, ta ce, "Dada, ki bar bawan Allah ya ci abinci," sai ta ce, "Matambayi ba ya ɓata. Ke da ba ki tambaya, ina kika taɓa zuwa?"

Ita kanta Banati ba ta tsira ba. Tsagin nan na ƙota ya hana Dada sakat. Ta ce wurin zuba kwalli ne, ta zuba, ya zube. Ta ce wurin cusa laya ne. Maɓallin kuwa ta danna shi har ya yi sheƙi. Abu ɗaya ne kawai ba ta taɓa tambaya a kai ba, shi ne sunan, domin tana ganin wannan ta riga ta san shi.

Ga yadda ta samo ta, kamar yadda ta sha ba mu. Lokacin yaƙin Jamus na farko aka kwashi maza daga garin nan su yi wa soja dakon kaya, can gabas, gaba da Yola. Kakana yana cikinsu. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Inna tana tatata, Yafendo ƙanwarta tana goye. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. Sai wata rana da hantsi wani mutum ya yi sallama a zaure, ramamme, ƙafafunsa duk faso, Hausarsa ba ta cika cokali ba. Ya ambaci sunan kakana, ya kwantar da kansa a tafin hannu, ya nuna ƙasa. Sannan ya zaro wannan ƙarfe daga cikin tsummansa ya miƙo.

Dada ta ce daga bayan zana ta tambaye shi, "Me ya ce? Bai bar magana ba?"

Mutumin ya dube ta, ya dubi ƙarfen, ya ce, "Banati." Ya sha ruwa, ya kama hanya. Ko sunan garinsu ba wanda ya tuna ya tambaya, kuma Dada ta ce wannan ne sakaci mafi girma da aka taɓa yi a gidanmu.

Da aka yi addu'a ta aika aka tambayi malamin unguwa ko mene ne banati. Malam ya ce Larabci ne, ma'anarsa "'ya'yana mata". Kuma gaskiya ya faɗa, abin da aka tambaye shi ya amsa. Kakana bai wuce surorin salla ba, amma wannan bai dami Dada ba. Ta ce ai kowa da Larabci zai amsa tambayar kabari, don haka in mutum ya kusa, harshensa yakan fara juyawa.

Bayan ta fita takaba 'yan'uwan kakana suka zo ɗaukar yaran, yadda aka saba, ita kuma ta je ta yi wani aure. Dada ta fito da ƙarfen ta ajiye a kan tabarma tsakaninta da su. Ta ce mamaci ya bar wasiyya, kalma ɗaya, kuma gare ta ya aiko, ba gare su ba. Wanda ke da ƙarfin halin tsallake wasiyya, ga yara nan. Ba wanda ya tsallake. Ba ta ƙara aure ba, da tanda ta rene su har ta kai kowacce ɗakinta. In sun yi faɗa suna yara, ba ta dukansu, sai dai ta nuna bayan tukwane ta ce, "Da sunanku a bakinsa ya cika." Inna ta ce wannan ya fi bulala zafi.

Haka muka taso da labarin, har shekarar da na yi haihuwar fari, ana saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki. A gida na yi wankan jego, a ɗakin Dada. Maigidana direban babbar mota ne, kuma ya je yaƙin Bama yana saurayi. Bayan suna ya zo gaisuwa, aka matsa masa ya shiga ya ga yaro. Ya shigo yana sunkuyar da kai irin na surukai, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke wajen kan jariri. Ya manta da kunya gaba ɗaya.

"Wa ya ajiye wa yaron nan banati a ka?"

Na ce, "A ina ka san sunanta?"

"Sunanta? Kowane kurtu ya san banati. Wuƙar bindiga ce."

Ban san lokacin da na kama bakin rigarsa ba. Na ce ya rufa mini asiri ya yi shiru. Amma Dada tana bakin ƙofa tana fifita wutar ruwan wanka, kuma kunnenta ya fi na zomo.

"Angona," in ji ta, don haka take tsokanarsa, "zo nan ka maimaita."

Ya durƙusa gabanta. Ta miƙa masa. Ya ɗauki muciya ya ce a ɗauka ita ce bindiga. Ya nuna yadda tsagin ke zurawa a wani ƙarfe ƙarƙashin bakin bindiga, maɓallin ya kama, in za a cire sai a danna. Ban taɓa ganin Dada ta yi murna irin ta ranar ba. Ta tafa hannu, ta karɓa, ta danna, ta sake dannawa. Ta ce, "Kai, ɗan banzan maɓalli. Tun ina da haƙora nake tambayarka, ashe jiran direba kake yi." Ta sa shi ya sake nunawa har sau nawa. Ni kuwa ina zaune na riga na ga inda tambayar za ta kai, ita ba ta gani ba tukuna.

"To, daga nan fa?" ta ce. "Wa ya raɗa mata sunan?"

"Turanci ne, Dada. Bakin soja ne ya lanƙwasa shi."

"Ba Larabci ba?"

"Wallahi ban sani ba. Mu dai haka muke ce masa."

"Kowace irinta haka sunanta?"

"Kowanne."

Ta naɗe ta cikin saƙin a hankali, ta mayar wajen kan yaro, ta koma ga wutarta. Washegari ba a toya masa a ƙofar gidanmu ba, abin da ban taɓa gani ba sai in an yi rasuwa.

Gida ya yamutse. Yafendo, wadda ba ta iya ɓoye fushi, ta ce a jefa ta kududdufi. Abin da aka soke mutane da shi, shi muke ajiye wa jarirai a ka? Wa ma ya sani ko da ita aka kashe uban nasu? Inna kuwa sai ta daina amsa gaisuwar maigidana, ta bar shi yana durƙushe a tsakar gida har sai ya gaji ya tashi. Na ji haushinta a lokacin, daga baya na gane. Ita ba ta tuna fuskar ubanta ba, kalmar nan kaɗai ta gada, ga shi surukinta ya zo da muciya ya karɓe.

Dada ta bar su suka yi ta yi. Da Yafendo ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai ta buge hannun. Ta ce, "Ƙarfe ba ya da laifi, hannu ke da shi. Kuma ban gama tambaya ba. In na gama, ki jefa ni tare da ita."

Daga nan ta shiga bincike gadan-gadan. A karon farko tun ranar da aka ajiye ta gaban 'yan'uwan kakana, Banati ta fita zaure maza suka gan ta. Maigidana ya ce ba irin tasu ba ce, tasu tana da zobe kuma ba ta da haƙora. Ya riƙa kawo abokansa tsofaffin soja, Dada tana ba su masa suna ba ta ra'ayi. Wani ya rantse ta Faransa ce. Wani ya ce ya ga irinta a hannun Japan, wani ya ce ƙarya yake yi, bai taɓa matsawa kusa da Japan har ya ga hannunsa ba. Saura kaɗan su dambace a zaurenmu. Ni ma aka sa ni aiki, tunda ina ajin karatu. Na goge gindin ƙarfen da toka da lemun tsami, sai ga wani ɗan zane kamar hular sarauta, a ƙarƙashinsa harafi mai kama da "M" da aka kifar. Na karanta mata iya abin da na gani. Ta ce, "Shi ke nan bokon naki? Harafi ɗaya, shi ma a kife?"

A ƙarshe aka ba maigidana labarin wani dattijo a Yelwa, nan bayan gari, Kirista, mutumin duwatsun kudu, wanda ya yi dako a wannan yaƙin na Jamus. Dada ta ce a kai ta. Ranar ce ta fara shiga mota, a gaba kusa da direba, ni ina gefenta da goyo. Kafin mu fita Ƙofar Wunti ta tambayi dalilin da ya sa mota ke shan ruwa alhali ba ta fitsari.

Mun same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙota. Hausarsa irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mama, ka zauna." Dada ta ce, "Yau kuma na zama namiji, to madalla." Suka yi dariya. Amma da ta warware saƙin, dariyar ta tsaya. Ya daɗe bai taɓa ba. Da ya ɗauka, sai ya bi haƙoran da babban yatsa.

"Irin na sojan Jamus ne, ina tsammani," ya ce. "Su ne na gani da mai haƙori, suna yanka itace da shi. Amma a can, Mama, kaya yana canja hannu. Wannan ya faɗi, wancan ya ɗauka. Ba zan rantse maka ba."

"Ku masu dako ana ba ku?"

"Ina! In an kama ka da shi, bulala ne, ko abin da ya fi bulala. Sai dai mutum ya tsinta ya ɓoye."

Ta faɗi sunan kakana, ta kwatanta tsawonsa da tsagar fuskarsa. Ya girgiza kai, ya ce suna da yawa, kuma zawo ya kashe fiye da harsashi. Sai ta ba shi labarin mutumin da ya zo zaure, da tambayar da ta yi masa, da amsar da ya bayar. Dattijon ya dubi ƙasa.

"Mama, in gaya maka yadda na gani?"

"Don shi na shiga mota."

"Kai ka ce, me ya ce. Shi bai ji Hausa ba. Ya ɗauka ka ce, mene ne wannan. Sai ya gaya maka."

Dada ta gyaɗa kai. "To, mutum in zai mutu a can, me yake cewa?"

"Ruwa," in ji shi. "Wani ya kira uwarsa. Wani yara. Kowa da yarensa."

"To, daga nan fa?"

"Daga nan babu, Mama."

Matarsa ta kawo mana kunu, muka sha. Da za mu tafi Dada ta ce wa matar in ta sami jika ta aiko, za a ba ta aro. Matar ta ce su ba sa yi, amma ta gode, kuma ta cika mana zane da gyaɗa.

A hanya ba ta tambayi komai ba, har maigidana ya riƙa satar kallonta. Sai da muka hango ganuwa ta ce, ba tare da ta dube mu ba, "Bai faɗa ba ke nan. Ni na ji." Can kuma ta ce, "Da mutumin nan da ya kawo ta ya iya Hausa, da baffannin 'ya'yana sun tafi da su." Na ce mata ai ko bai faɗa ba, wani ya ɗauko ƙarfen nan a ƙafa daga bayan Yola, yana tsoron bulala, har ƙofar gidanta, kuma ba a yin haka a banza. Ta ce, "Kada ki lallashe ni, ba ni ce mai jego ba." Amma na ga ta sa hannu a kan saƙin har muka isa.

Washegari da safe ta kira 'ya'yanta, ta faɗa musu duk abin da dattijon ya ce, ba ta rage ko ɗaya ba. Yafendo ta yi kuka. Inna ta tambaya, "Ashe ba mu da wasiyya?" Dada ta ce, "Kun ƙoshi ko ba ku ƙoshi ba? An raba ku?" Ta tashi ta hura wutar tanda. Sai bayan sati Inna ta amsa gaisuwar maigidana, shi ma a taƙaice.

Labari ya bazu a unguwa. Wasu gidaje suka daina aikowa, wasu kuma suka ƙara ƙaimi, wai ƙarfen da ya ga yaƙi ai maye ba zai tunkare shi ba. Dada ba ta hana kowa ba, ba ta kuma roƙi kowa ba. Abin da na lura kawai, ta daina nuna bayan tukwane in ana faɗa. Tambaya kuwa ba ta fasa ba. Ranar da aka yi ta harbe-harben murnar 'yancin kai, tana kwance ba lafiya, ta ce da ni, "Yanzu Turawan za su tafi ban tambaye su ba? Wa ya ƙera Banati, a wane gari, yana da 'ya'ya?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ke dai ba ki taɓa sanin komai ba," ta kama hannuna ta riƙe.

Ga masu tambaya, Banati tana wurina. Har yau ban san ƙasar da aka ƙera ta ba, ban san yadda ta shiga hannun kakana ba, ban san ko shi ya ce a kawo ba. Mai bukata ta aiko.

Ranar da Dada za ta cika, Banati ba ta gida, tana can Jahun wajen wata mai jego. Bayan la'asar ne. Inna tana riƙe da kanta, Yafendo tana wajen ƙafafu, ni ina fifita, maigidana yana tsugunne daga bakin ƙofa. Tun safe ba ta yi magana ba sai kalmar shahada da ake laƙƙana mata. Sai ta buɗe ido, ta dubi ta wajen kai, ta dubi ta wajen ƙafa, ta ce a fili, yadda kowa ya ji, "Banati."

Maigidana ya zabura, yana neman takalmansa. Ya ce bari ya yi maza ya karɓo.

Inna ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya aure ni.

"Zauna, ɗana," ta ce. "Ba ƙarfen take kira ba."